Tayar ƙasar sanyi a kan kwaltar Kumasi: a bar ta ko a cire?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Yayansa ya turo masa Toyota Corolla daga Kanada, ya je tashar jiragen ruwa ta Tema ya fito da ita, tayoyi huɗun duka haƙoransu na nan da zurfi. Mai facin unguwarsu ya leƙa gefen taya ya ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, ya ce masa tayar sanyi ce, ya cire. Abokansa kuma suka ce mai faci so yake ya saye su da araha, ai taya mai haƙora irin wannan ita ake nema da damina, ga hunturu ma na tafe. Yana so ya san wa ke da gaskiya, da kuma abin da zafi da ruwa ke yi wa kowace irin taya.

Ƙanena, mai facinku ya fi abokanka gaskiya, ko da a ce yana da tasa a zuci. Ni ma sana'ata ke nan a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota, taya nake saye nake sayarwa, sabuwa da ta gwanjo, don haka ka san bakin da ke maka magana. Ba zan tsorata ka da cewa gobe da safe za ta yi bindiga a Kejetia ba. Illarta a hankali take zuwa: tana rage maka birki a ranar da ka fi bukatarsa, tana kuma cinye kanta da wuri.

Abokanka haƙora suke kallo, kuma ba laifinsu ba ne, don a kasuwa ma da haƙora ake ciniki. Mai saye ya zura yatsa cikin kwarin taya, in ya ji zurfi sai ya ce wannan da sauranta. Amma abin da ke riƙe mota a kan hanya robar ce kanta. Duk nauyin motarka a kan wuri huɗu yake, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Kwalta kuma ba sumul take ba, ƙananan tsakuwa ne aka haɗa da baƙin mai. Robar taya tana nutsewa a tsakanin tsakuwar nan, ta kama, ta saki, ta sake kamawa, muddin mota na tafiya. In ta yi tauri da yawa ba za ta nutse ba, sai ta bi ta kai ta zame. In ta yi laushi da yawa za ta nutse amma ba ta da ƙarfin riƙewa, sai ta lanƙwashe, hanya ta goge ta.

Ka san man kaɗe: da asubar hunturu sai ka kankare shi da farce, da azahar ɗin watan Maris kuma yana neman zuba. Haka roba take da sanyi da zafi, sai dai masu ƙera taya suna iya zaɓar inda za ta fara sandarewa ta hanyar haɗin da suka yi mata. Tayar zafi an haɗa ta ne ta tsaya da ƙarfinta a kan kwalta mai ƙuna, shi ya sa in sanyi ya kusa daskarar da ruwa take ƙandarewa ta koma santsi. Tayar sanyi kuwa an ƙara mata robar itace da sinadarin silika da wasu mayuka masu sa laushi, don ta ci gaba da lanƙwasuwa ko sanyi ya kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Kamfanonin taya sun ja layi a wajen digiri 7 na ma'aunin Selsiyas: ƙasa da haka lokacin tayar sanyi ne, sama da haka ta zafi ce ke kan gaba. Ba wai a digiri 7 cif abin yake juyawa ba, amma layin ya isa a yi aiki da shi.

To yanzu ka dubi garinmu. Da rana Kumasi tana tsakanin digiri 28 zuwa 34 ne a yawancin shekara, Fabrairu da Maris su ne mafi zafi. Da dare takan sauko wajen 21 ko 22. Asubar hunturun da muke sa rigar sanyi muna ɗumama ruwan alwala, digiri goma sha wani abu ce, kuma kafin ƙarfe goma na safe rana ta mayar da komai yadda yake. Wannan zafin iska ne ma. Ita kwalta baƙa ce, tana shanye rana, da azahar takan haura digiri 50. In ka nufi arewa, ka wuce Kintampo da Buipe zuwa Tamale ko Bolgatanga a watan Maris da Afrilu, iskar kanta tana taɓa 40. Ke nan babu ranar da tayar nan za ta samu yanayin da aka yi ta dominsa, ko da hunturu ya kai inda ya kai. Maganar abokanka ta hunturu a nan ta faɗi.

Can inda aka yi ta, taya ce mai daraja, kada ka raina ta. Kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ne ya fara yin irinta a 1934, don manyan motoci masu bin hanyoyin dusar ƙanƙara. A lardin Quebec na Kanada doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus kuma in hanya ta yi ƙanƙara aka kama ka ba ka da ita, tara za ka biya. Shi ya sa motar da aka loda a jirgi a watannin sanyi take iso mana sanye da ita.

Ka durƙusa ka dubi fuskar tayarka da kyau. Za ka ga kowane haƙori an yi masa ƙananan tsagu siri-siri, masu lanƙwasa, da yawan gaske. Sa babban yatsanka ka tura haƙori ɗaya gefe: zai bi yatsan, tsagun su buɗe baki. Je ka yi haka a tayar zafi, ba za ta motsa ba. Tsagun nan aikinsu cizon ƙanƙara ne da share ɗan ruwan da ke kwance a kanta, kwarin kuma yana cika da dusa don dusa ta kama 'yar'uwarta. A kan busasshiyar kwalta mai zafi kuwa babu abin cizo. In ka taka birki da ƙarfi, haƙoran da dama can sun yi laushi sai su kwanta gaba ɗaya, mota ta ci gaba da tafiya a kansu. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada tayoyin sanyi a lokacin zafi, kuma daga gudun kilomita 100 wasu sun ƙara fiye da mita 10 kafin mota ta tsaya, in aka kwatanta da tayar zafi. Mita 10 tsawon mota biyu ne da ɗoriya. A hanyar Accra, inda tirela ke tsayawa ba fitila a bayan Konongo, ko mai babur ya faɗo maka a Ejisu, wannan tazarar ita ce komai.

A kwana ma za ka ji ta. Sitiyari ba ya amsawa nan take, sai ka juya, motar ta ɗan yi jinkiri, sannan ta bi. Direbobi sukan ce mota tana lilo, su je su canza shokozoba a banza. Kuma lanƙwasuwar nan da haƙora ke yi ita kanta zafi take haifarwa a cikin robar, zafin ya ƙara mata laushi, laushin ya ƙara lanƙwasuwa. In ka dawo daga Techiman da rana, shafa tafin hannunka a kan tayar in ta ɗan huce. Za ka ji gefen haƙoran ya yi kaifi ta ɓangare guda, wani lokaci har da ɗan garin roba a hannunka. Kuɗinka ne ke zuba a hanya. Tana kuma ɗan ƙara shan mai, amma wannan bai kai a tsaya a kansa ba.

Maganar damina ita ce ta fi ruɗar mutane, don a ido taya mai zurfin kwari ita ce ta ruwa. Abu biyu ne a nan. Na farko kama jiƙaƙƙiyar kwalta, wanda aikin roba ne, kuma ruwanmu mai ɗumi ne, ba ya sanyaya hanya ta kai inda tayar sanyi ke jin daɗi. A ruwan ɗumi tayar zafi mai kyau ta fi ta birki. Na biyu fitar da ruwan da ya kwanta a hanya. In taya ta kasa kore shi daga ƙarƙashinta, sai ta hau kansa, sitiyari ya yi sakwaf a hannunka, birki ya zama ba shi da amfani. Tayar zafi tana da manyan kwari uku ko huɗu da suka zagaye ta, aikinsu ke nan. Tayoyin sanyi kuma iri biyu ne. Akwai na tsakiyar Turai, irin na Jamus, da aka yi wa sanyi mai ruwa da laka, waɗannan ba laifi wajen kore ruwa. Akwai kuma na ƙanƙara zalla, irin na Kanada da Suwidin da Finlan da arewacin Japan, robarsu ta fi laushi, tsagunsu sun fi yawa, kuma su ne suka fi rauni a jiƙaƙƙiyar kwalta. Taka daga Kanada ta zo, don haka akwai yiwuwar irin ta biyun ce. Mu kuma damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, ga ruwan farko bayan hunturu da ke dama ƙura da baƙin mai a kan hanya.

Inda zan ba abokanka gaskiya shi ne taɓo. A hanyar jar ƙasa bayan ruwa, tayar sanyi tana ɗan fi ta zafi kamu. Amma duwatsun hanyar suna yayyanka robarta mai laushi, kuma wanda kullum a irin wannan hanya yake, tayar da aka rubuta wa A/T, wato ta kowace irin hanya, ita ce tasa.

Akwai dalilin da ya sa tayoyin sanyi suka cika kasuwar gwanjo, daga nan Suame har Abossey Okai a Accra, kuma ya kamata ka san shi. Sabuwarta tana zuwa da kwari mai zurfin milimita 8 ko fiye. Da ta sauko zuwa 4, Bature ya gama da ita, don ba ta ƙara cizon dusa. A Ostiriya ma doka ba ta lissafa ta a tayar sanyi in ta gaza milimita 4. Mu kuma milimita 4 a wurinmu taya ce mai sauran rai, sai a cika kwantena da su a kawo. Sannan tayar sanyi wata huɗu ko biyar kawai take aiki a shekara, sauran watannin tana ajiye a gareji. Saboda haka za ka ga mai shekara takwas da haƙoranta cif. Roba kuwa tana tsufa ko ba a taka ta ba: iska tana cin ta, mayukan cikinta suna bushewa, haɗin da ke tsakanin roba da wayar ƙarfen ciki yana saki. Zafi yana gaggauta wannan tsufan. Yawancin tayoyin da ke ɓare fata a kan hanya, tsufa da zafi da ƙarancin iska da lodi ne suka haɗu a kansu.

Don haka kafin komai ka nemi ranar haihuwarta. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 4217 na nufin mako na 42 na shekarar 2017. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake bugawa, in ba ka gani a waje ba ka kwanta da fitilar waya ka duba ta ciki. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000 ke nan, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. In kuma ka ga wurin an kankare ko an shafe shi da baƙin mai yana ƙyalli, ka san akwai abin da ake ɓoyewa. Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, a shekara 10 kuma a cire ta ko yaya take. Wasu masu ƙera motoci shekara 6 suke faɗa. A zafinmu ni na fi karkata ga ƙaramar lambar.

Wani abin kuma, hoton dutsen nan shi kaɗai bai isa a yanke wa taya hukunci ba, kuma a nan masu faci da yawa suke wuce gona da iri. Akwai tayoyin duk-shekara irin su Michelin CrossClimate da Goodyear Vector 4Seasons, da wasu tayoyin A/T na jif, da ke ɗauke da hoton, kuma suna aiki lafiya a zafi. Haka harafin M+S, wato taɓo da dusar ƙanƙara: yawancin motocin da ke zuwa daga Amurka da shi suke zuwa, tayoyin duk-shekara ne, ba abin damuwa. Sunan tayar shi zai gaya maka. In ka ga Blizzak, X-Ice, Alpin, Hakkapeliitta, iceGUARD, VikingContact, UltraGrip, ko kalmar Winter, Ice, Snow ko Studless, ta sanyi ce zalla. In kuwa akwai ƙananan ƙusoshin ƙarfe a fuskarta, wannan ba sai an yi shawara ba, a cire yau, don ƙarfe a kan kwalta zamewa yake.

Duba kuma inda aka rubuta TEMPERATURE da harafi A, B ko C. Ma'aunin Amurka ne na yadda taya ke jure zafin gudu, A ce a sama, C ce mafi ƙaranci da aka yarda a sayar. Tayoyin sanyi zalla ba a tilasta musu wannan ma'auni ba, shi ya sa da yawansu ba za ka ga rubutun ba sam. Dokar hanya ta Ghana, L.I. 2180 ta shekarar 2012, ta ce a sa tayar da aka yi don yanayin zafi, mai A ko B, ban da C, kuma kwarinta kada ya gaza milimita 1.6. Ta kuma sa iyakar shekara huɗu daga ranar ƙira. Kowa ya san ba a bin ta yadda aka rubuta, in ba haka ba da rabin trotro ɗin garin nan suna fake. Amma tana nan a rubuce, kuma ranar da tsautsayi ya faru, ɗan sanda da kamfanin inshora suna iya tuno ta.

Ko wace taya ka sa, iska ce rabin lafiyarta, kuma ita ma zafi yana wasa da ita. Duk digiri 5 ko 6 da zafi ya ƙaru, iskar cikin taya tana hawa da kusan psi 1, wato ma'aunin iskar taya. Lambar da ta dace da motarka tana jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, ba babbar lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. In ka yi gudun awa biyu ka tsaya Nkawkaw cin abinci, geji zai nuna ta ƙaru da 3 ko 4, kuma haka ya kamata. Direbobi da yawa a nan suke sa tsinke su rage iska wai kada ta fashe. Wannan shi ke fasa ta. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasuwa fiye da kima a kowane juyi, zafi ya taru a kafaɗarta, a nan fata take rabuwa da waya. A shekarar 2000 an janye tayoyin Firestone miliyan 6.5 a Amurka saboda irin wannan rabuwar, yawancinsu a kan Ford Explorer, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi kamar Texas da Florida. Ba tayoyin sanyi ba ne ma. Kwara wa taya ruwa a tasha kuma fatarta kawai yake sanyayawa. In ta yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, nemi dalili: iska ce ta yi ƙasa, lodi ne ya yi yawa, ko birki ne ke riƙewa. Ka kuma sayi ƙaramin geji naka ka ajiye a mota, don na bakin hanya kowanne da abin da yake faɗa.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. In ka duba ka ga ba su wuce shekara huɗu ba, babu tsagewa a gefe, babu ƙululu, kuma zirga-zirgarka ba ta wuce Aboabo zuwa Adum zuwa Tafo ba, to ka ci gaba da su na ɗan lokaci kana tara kuɗi. Kada ka wuce kilomita 80 a awa, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, musamman in ana ruwa. In kuwa haya za ka yi da motar, ko Bolt ko Uber, ko za ka ɗebi iyali zuwa Tamale ko Bawku da Sallah, but cike da kaya, to ka canza kafin tafiyar. Huɗun gaba ɗaya ya fi. Haɗa tayar sanyi da ta zafi a mota ɗaya ba abu ne mai kyau ba, don gaba da baya ba za su kama hanya daidai ba. In aljihu ya ƙi sai biyu, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Masu faci za su yi maka musu a kan wannan. Dalilin shi ne in gaba ya zame, kana ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa mota ta dawo. In baya ne ya zame a kwana, motar juyawa take yi da kai kafin ka san abin da ake ciki.

Wajen saye, ka bi girman da ke jikin takardar ƙofa, irin 195/65 R15 ko 205/55 R16 da Corolla ta saba zuwa da su. Lambar da ke biye, kamar 91H, nauyi ne da gudu: 91 kilo 615 ke nan kowace taya, H kuma kilomita 210 a awa. Ba don za ka yi wannan gudun ba, sai don taya mai H ko V ta fi mai Q ko T jure zafi. Kada lambar nauyin ta gaza wadda aka rubuta wa motar. Sabuwar taya mai matsakaicin suna da aka yi bana ko bara, mai A ko B, ta fi mini tsohuwar tayar sanyi mai babban suna, ko da a shagona ta biyun ta fi kawo riba.

Ka buɗe but ma ka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Motocin Kanada da Amurka yawanci da siririyar safaya suke zuwa, wadda iskarta psi 60 ce, ba 32 ba, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Galibi tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa auna ta, sai ka sa a duba ta ranar da za ka kai sauran.